Ɗana na son shiga ajin kiɗa, ku ba ni shawara

Uwar Biyu, Mabera: Assalamu alaikum. Ɗana shekararshi 12, kunya ta yi mishi yawa, ga 'yar in'ina. Makarantarsu ta buɗe ajin kiɗa ran Asabar, ganga da fiyano, kuma duk ƙarshen zango yara za su yi wasa gaban iyaye. Naira 15,000 a zango. Kakanshi ya ce mu ba gidan roƙo ba ne. Wanda ya taɓa sa ɗanshi, mi kunka gani?

Malamin Firamare: Wa alaikumus salam Hajiya. Fitowa gaban mutanen nan ita ce maganin. Haka makaɗan fada sunka tashi: yaro ya fara da ɗaukar kotso, sannan ya shiga amshi, in ya kuskure muryoyin sauran su rufa mishi asiri, har ranar da zai ja baiti shi kaɗai. A ajina na ga mai in'ina yana rera waƙe tiryan-tiryan, harshe bai sarƙe ba.

Baban Gawon Nama: Hajiya ki kiyayi mutanen nan! Na kai nawa wurin wani mai situdiyo, na biya 60,000, na sayo fiyano da kuɗin ragon layyata. Wata huɗu yaro bai koyi komi ba sai dakon sifika zuwa gidajen biki, yana dawowa ƙarfe biyu na dare. Jarabawa ta zo ya faɗi. Ranar da na je karɓo kayana na iske shago da kwaɗo, wai mutumin ya koma Kano. Har yau uwar yaron ba ta daina yi mani gori ba.

Ɗan Runjin Sambo: 60,000? Mu 5,000 muke ba mai kalangu a wata, har da shayi.

'Yar Arkilla: Kai dubu biyar ɗin nan ta wace shekara ce? Ƙanwata 25,000 take biya.

Baban Gawon Nama: Ban ma gaya muku kuɗin asibiti ba, da sifika ta faɗo mishi bisa ƙafa.

Uwar Biyu, Mabera: Allah ya mayar da alheri Baba. Amma wannan cikin makaranta ne, da rana.

Almajirin Zaure: Ki bi maganar kakanshi. In ƙarfin zuciya kike so, ga musabaƙar karatun Alƙur'ani. Nan Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo anka fara ta ƙasa a 1986, yara nawa ta koya wa tsayuwa gaban dubban mutane?

'Yar Arkilla: Malam, ai da waƙa Nana Asma'u ta karantar da mata ta hannun jajis ɗinta, wato malamai mata da ta horar.

Almajirin Zaure: Waƙe daban, ganga daban. Kuma ke ko ɗa ba ki da shi, bari masu 'ya'ya su yi magana.

'Yar Arkilla: Ni na yi renon ƙannena huɗu.

Ɗan Runjin Sambo: Ku kawo shi gidanmu, ƙanena kullum bokitin wanka yake kaɗawa, kyauta zai koya mishi.

Baban Gawon Nama: Su makarantun ma fa? Bikin ƙarshen zango kuɗin anko daban, rumfa daban, hoto daban. Bara 12,000 anka karɓa ga kowane yaro, ruwan leda ɗaya munka sha cikin rana.

Malamin Firamare: Mu namu har kujera sai da iyaye sunka yi haya. Wa ya san inda ake kai ƙarar wannan?