Za mu hutu bakin teku a Dubai, ina yarinya za ta samu filin ƙanƙara ta yi atisaye?

Maman Sadik, Tarauni:

Assalamu alaikum jama'ar gidan nan. Tambayata ba irin wadda aka saba gani ba ce, mai dariya ya yi dariyarsa, in ya gama ya ba ni amsa.

Ƙanwata tana aure a Notingham ta Ingila. 'Yarta ta fari shekararta 11, kuma tun tana ƙarama take wasan zamiya a kan ƙanƙara, wanda ake sa takalmi mai ƙarfe a ƙasa, a kunna kiɗa, yaro ya riƙa tsalle yana juyi kamar katantanwa. Abin ya wuce wasan yara. Koci gare ta, akwai matakai da ake hawa da jarrabawa, uwar kan fita da ita da duku-duku a yi atisaye kafin a wuce makaranta. Yanzu wani tsalle take fama da shi, aksel, wanda ake tashi ta gaba, a juya sau ɗaya da rabi a iska, a dira ta baya da ƙafa ɗaya. Yau ta dira daidai, gobe ta sha ƙasa. Kuma tana da jarrabawa a watan Satumba.

To ga inda gizo ke saƙar. Za su zo gida dogon hutu a ƙarshen Yuli, don Hajiyarmu ta matsa sai ta ga jikokinta. Bayan sun ɗan kwana biyu a Kano za mu ɗunguma Dubai gaba ɗaya, kuma ni aka ɗora wa neman masauki tunda ni ke zuwa sarin abaya da turare. Sai dai Dubai ɗin da na sani Deira ce, daga Naif zuwa kasuwar zinare, sai wajen masu kago. Yara kuwa sun ce su bakin teku suke so, wajen Marina.

Kocin ta ce idan aka haɗa zaman Kano da na Dubai yarinyar za ta fi wata ba ta taka ƙanƙara ba, kuma tsallen da bai zauna a jiki ba gudu yake yi. A Kano dai babu zance, ƙanƙararmu ta sanyaya zoɓo ce. Na ga filin da ke cikin Dubai Mall, na sha tsayawa daga sama ina kallon mutane suna faɗuwa. Shin sai mu saya mata tikiti kawai ta shiga? Akwai wani filin ban da shi? Takalmin kuma, a jakar hannu ake shiga jirgi da shi ko a lodi? Wanda ya sani ya taimaka, don ƙanwar nan tawa ta hana ni sakat da kira.

Baban Walid:

Wa alaikumus salam Hajiya. Ikon Allah, mutane na biyan kuɗi su gudu daga sanyi, ke kina neman inda za ki biya a saka 'yarku cikin firiza.

Ni dai a ganina ku bar yarinya ta huta. Shekara 11 fa. Duk shekara tana tashin asuba, ta samu hutu kuma a bi ta da takalmin ƙarfe har bakin teku? Ku bar ta ta sha ruwan teku, ta yi faɗa da 'yan uwanta, ta koyi Hausa a bakin kakarta. Abin da jiki ya iya ba ya mantawa. Sannan kafin ki kai ga maganar ƙanƙara ki fara gama ta biza. Kin san a 2022 sun rufe wa masu fasfon Najeriya, sai a Yulin 2024 aka buɗe, kuma sharuɗɗan ba irin na da ba ne. Su masu fasfon Ingila a filin jirgi ake buga musu, ku 'yan Kano ne za ku sha cike-cike.

Anti Ummi, Gwammaja:

Maman Sadik sannu da ɗawainiya. Mun zauna a Abu Dabi lokacin da maigidana ke aiki a can, kuma autata ta yi wannan wasan kafin mu dawo, don haka bari na zauna na yi miki bayani.

Ƙanƙara ba ta wahalar samu a ƙasar nan. Lokaci ne mai wahala. Filin Dubai Mall babba ne, girman na gasar Olamfik, mita 60 a tsawo 30 a faɗi. Amma abin da kike kallo daga sama lokacin kowa da kowa ne: 'yan yawon buɗe ido, masu riƙe da bango, yara masu tura abin dafawa don kada su faɗi. A yawancin filaye ba a yarda a yi tsalle ko juyi a wannan lokacin ba, kuma ko an yarda, ina za ta samu sararin ɗaukar gudu? Aksel sai an yi dogon zagaye ta baya kafin a juyo a tashi. Ga ƙarfe mai kaifi a ƙafa, ga ɗan wani ya gifta. Sannan kafin a jima takalman haya sun farfashe saman ƙanƙarar, ta yi gari da ramuka, sai motar nan mai gyara ta zo ta kankare ta zuba ruwa. In kin saya mata wannan tikitin, kin biya kuɗin yawo ne kawai.

Abin da za ku nema shi ne lokacin 'yan horo, wanda suke kira firistayil. Ana ƙayyade yawan masu shiga, kowa da takalminsa, ana barin yaro ya sa kiɗansa. Kusan ko'ina da sassafe ake yinsa, kafin a buɗe wa jama'a. Jadawalin yana canzawa, musamman lokacin hutun makaranta da suke cika fili da darussan yara da 'yan wasan hoki, don haka kada ku dogara da abin da kuka gani a intanet yau. Ƙanwarki ta rubuta musu imel tun yanzu, ta faɗi shekarun yarinya da matakin da take da tsallen da take yi, ta tambaya ko suna karɓar baƙo a wannan lokacin, ko sai ta hannun kocinsu. Wasu filayen sai kin ɗauki darasi da kocin gidan suke barin ki shiga. In haka ne ma ku karɓa, rabin awa da baƙon ido yakan ga abin da na gida ya saba da shi. Amma kocin Notingham ta rubuto abin da take so a yi da wanda ba ta so a taɓa, kada a canza wa yarinya yadda take tashi ana saura 'yan makonni jarrabawa.

Ban da Dubai Mall akwai tsohon fili a Al Nasr Leisureland da ke Oud Metha, ya fi kusa da Deirarki, kuma babu cunkoson 'yan kallo. Akwai kuma na Zayed Sports City a Abu Dabi, inda 'yata ta koya, nan ne masu yin abin da gaske suka fi taruwa, amma tafiyar wajen awa ɗaya da rabi ce daga tsakiyar Dubai, ba abin yi kullum ba ne. Kada wani direba ya kai ku Ski Dubai na Mall of the Emirates, can dusar ƙanƙara ce ta masu gangarowa daga tudu, ba ta da amfani a wajenta.

Maganar masauki: daga Marina zuwa Dubai Mall da asuba babu wahala a kan titin Sheikh Zayed, dawowa ne da fitowar ma'aikata ke cin lokaci. Jirgin metro yana zuwa, sai dai daga tasha zuwa cikin mall ɗin akwai doguwar gada da za ki taka da jaka a kafaɗa. Ku ɗauki tasi. Kuma a watan Agusta zafin Dubai ya haura digiri 40, bakin teku ba ya zaunuwa da rana sai da yamma lis. Kin ga ke nan atisayen safe bai ci wa kowa hutunsa ba.

Takalmi kuwa ku sa a lodi, a tsakiyar kaya. Wani filin jirgin yana bari a jakar hannu, wani ya hana, ku kuma filaye da yawa za ku ratsa, ba kya son gardama da jami'i a kan takalmin da ya fi kuɗin wayarki. A kai shi washi a Notingham kafin su taso, wajen wanda ya saba yi mata. Don Allah kada wani mai son taimako ya kai wa mai washin wuƙa a Kano. Ƙasan ƙarfen yana da ɗan kwarmi a tsakiya da kaifi biyu, ciki da waje, a kansu take tafiya, in aka shafe kwarmin an gama da shi. Tunda cikin damina za su zo, a goge ƙarfen ya bushe, a sa masa rigar tawul ɗinsa, ba ta robar ba, ta roba tana riƙe ruwa ya yi tsatsa. Kuma kada a bar shi a but ɗin mota cikin rana, irin takalman nan da zafi ake gyara su su bi ƙafar mai su, zafi kuma zai iya sauya su.

Baban Walid, rabin maganarka gaskiya ce. Ba sai kullum ba. Sau biyu ko uku a mako ya isa ya riƙe mata abin da ta samu.

Ɗan Taya, Kabuga:

Hajiya ina wuni. Mu muna yin na takalmin taya a nan Kano da yamma, in kuna so ƙanwarmu ta zo mu ara mata ta riƙa motsa ƙafa. Duk zamiya ce ai.

Malam Na Ƙofar Mata:

Hajiya ki gafarce ni, zan ɗan kauce daga tambayarki. Irin kayan da muke ganin masu wannan wasa suna sawa a talabijin, ina dacewarsu da 'yar Musulmi da ke dab da girma? Yau 11, gobe 14. Gara iyaye su yi tunanin inda hanyar ta nufa tun kafin a zuba dukiya da shekaru, a zo ana rigima da yarinya daga baya.

Anti Ummi, Gwammaja:

Ɗan Taya Allah ya yi albarka, amma a'a. Taya ba ta da kaifin ciki da waje, ba ta da haƙoran nan na gaba da ake dira a kansu, kuma faɗuwa a kwalta daban take da faɗuwa a ƙanƙara, inda jiki ke zamewa. A Kano abin da za ta yi shi ne tsallen igiya, miƙe jiki, da gwada juyin aksel a ƙasa da takalmin gudu, a kan ciyawa ko kafet mai kauri. Ban da tayil, ban da silifas. Kocinta ta san wannan, su ma can suna yi.

Malam, tambayarka a kan hanya take, ni ma na yi wa kaina ita. Tun 2004 dokar wasan ta yarda mace ta sa wando a gasa. Sannan akwai Zahra Lari, 'yar Abu Dabi, wadda a wannan fili na Zayed ta taso. A 2012 ta shiga gasa a Canazei ta Italiya da ɗankwalinta, alƙalai suka rage mata maki saboda shi. Ba ta cire ba, aka bi maganar har aka daina ragewa, ta ci gaba da wakiltar ƙasarta a rufe tun daga kai har idon sawu, har gasar hunturu ta Asiya da aka yi a Sapporo a 2017. A wajen atisaye kuwa sanyi ma ya isa ya sa kowa dogon wando da riga mai hannu da safar hannu. Sauran hukuncin na iyayenta ne.

Alhaji Mai Kago:

In ba ku riga kun biya jirgi ba, ku duba Durban ta Afirka ta Kudu. Filin ƙanƙararsu yana North Beach, da ƙafa za ku taka daga otal-otal ɗin bakin teku. Agusta hunturunsu ne, amma Durban ba ta sanyi sosai, ana shiga ruwa. Musulmi da yawa, abincin halal ko'ina, ga babban masallacin Juma'a na titin da a da ake kira Grey. Na Cape Town ma babba ne, sai dai a harabar gidan caca na GrandWest yake, na san Hajiyarku ba za ta taka wajen ba.

Maman Sadik, Tarauni:

Kai, Allah ya saka da alheri, ban zaci zan samu amsa haka ba. Anti Ummi, na kwafe bayaninki kaf na tura wa ƙanwata, ta ce a daren nan za ta rubuta wa filayen biyu na Dubai, kuma ta riga ta yi wa kocin magana a kan takardar. Maganar mai washin wuƙa kamar kin san maigidana, shi ne zai fara cewa a kawo ya kai Kurmi.

Alhaji, Durban ta burge ni, amma ina da kaya da zan ɗauko a Deira, kuma Hajiya ba za ta iya sabuwar ƙasa da wata sabuwar bizar ba. Sai wani karon.

Malam na gode, ban ji haushi ba. Uban yarinyar ya fi ka tsanani a wannan fannin, da dogon wando take yi tun farko.

Baban Walid, na tambayi ita mai abin da bakina a waya, ko tana so a bar takalmin a Ingila ta huta. Ta ce in aka bar shi ita ma a bar ta. Don haka mun tsaya a kan safiya uku a mako, ni da uwarta mu riƙa karɓa-karɓa wajen kai ta, sauran yara su yi barcinsu.

Saura abu ɗaya Anti Ummi. Mu masu rakiya, ana barin mu zauna a gefen fili da sassafen, ko sai dai mu jira a waje? In a ciki ne na san zan nemi rigar sanyi, don tawa tun hunturun bara Sadik ya tafi da ita makaranta bai dawo da ita ba.