Wa ya taɓa faɗaɗa maƙogwaron ƙaramin ɗakin ƙuna a injin dizal mai turbo?

Mai Sifana:
Assalamu alaikum 'yan'uwa masu sana'a da masu motoci. Ina neman waɗanda suka yi wannan aiki da hannunsu, ko aka yi shi a motarsu. Maganar tsofaffin injinan dizal nake yi, waɗanda nozil ba ya fesa mai kai tsaye a kan fistin, sai cikin wani ƙaramin ɗaki da ke cikin top, wato kan injin da ke rufe silinda, wuta ta kama a can, sannan ta fito ta wata 'yar kafa, wato maƙogwaro, zuwa silinda. Irin su OM617 da OM606 na Mercedes, 2L-T da 1KZ-TE na Toyota, 4D56 na Mitsubishi, TD42 na Nissan, da XUD na Peugeot. Ana ta cewa in ka ƙara wa turbo iska, wannan kafar ce ke shaƙe injin, wai a sa mata garanda a buɗe ta, ƙarfi zai ƙaru. Wanda ya gwada ya gaya mana abin da ya gani wajen tashi da safe, hayaƙi, zafi da ja a kan tudu. Jita-jita kam mun ƙoshi da ita.

Baban Gareji:
Wa'alaikumus salam Malam. Kafin mu yi nisa a raba hatsi biyu, don injinan da ka lissafa ba iri ɗaya ba ne. Na Mercedes ɗakinsu dogon ƙarfe ne da ake zurawa ta sama, yana da ƙananan ramuka a bakinsa. Sauran duka suna bin tsarin Comet na Harry Ricardo, injiniyan Ingila, wanda ya fito tun 1931: ɗakin zagaye ne, rabinsa na sama an fafe shi a jikin top, rabin ƙasa kuma wani kofi ne na ƙarfe mai jure zafi da ake dannawa daga ƙasa. A jikin kofin nan maƙogwaron yake, kuma a karkace yake da gangan. Idan fistin ya taso, iska na shiga ta gefe tana juyawa da tsananin gudu, wannan juyin ne ke gauraya ta da mai.

Na yi wa wani inji mai silinda shida. Gefe da gefe kawai na ɗan ci, ban taɓa karkatar ba. A kan hanya, da allura ta haura juyi 3000 a minti, injin ya saki jiki, ba ya yin wannan nishin da yake yi a da. Amma ƙasa da 1500, kafin turbo ta farka, baƙin hayaƙi ya ƙaru in an danna totur, kuma da sanyin safiya sai an ba hita filogi, mai ɗumama ɗakin kafin a tada inji, lokaci fiye da yadda aka saba, ya tashi da farin hayaƙi yana karkarwa kafin sulo ya zauna. Mai motar ya yarda da cinikin saboda doguwar hanya yake bi. Da motar cikin gari ce da ban yi ba.

Injiniya Ƙarami:
Abin da Baba ya gani shi lissafi ma ya nuna. Maƙogwaron yana cin ƙarfi sau biyu: wajen tura iska ciki, da wajen fitowar wuta. Ga kuma zafin da bangon ɗakin ke zuƙewa ya miƙa wa ruwan lagireto. Shi ya sa waɗannan injina suka fi masu fesa mai kai tsaye shan mai da kusan kashi 10 zuwa 15 cikin ɗari, shi ya sa kuma aka ba su kamfireshan (matse iska a silinda) mai yawa, 21 zuwa 23 bisa ɗaya, don su iya tashi da sanyi. In ka buɗe kafar ka rage asarar, amma ka rage gudun iskar da ke juyawa. A juyi mai yawa iskar na da gudu ko ta halin ƙaƙa, saboda haka riba ka ci. A sulo kuwa gudun nan ne kaɗai jarin injin.

A lura da abin da Toyota ya yi a 1990. Ya fitar da injina biyu masu lita 4.2 a Land Cruiser: 1HZ mai ƙaramin ɗaki ba turbo, kamfireshan sama da 22, da 1HD-T mai turbo, wanda ke fesa mai kai tsaye, kamfireshan 18.6. Wato da suka so iska mai yawa a wannan girman, ɗakin suka cire ɗungurungum. Garanda tana da iyakar abin da za ta ba ka.

Mai Tsohuwar Mercedes:
Ni OM617 mai turbo nake riƙe da shi, kuma na ratsa wannan hanyar daga farkonta. Ga wanda bai taɓa cire ɗakin ba: sai ka fara zare hita filogi, domin bakinsa ta gefen ɗakin ya shiga. Wanda ya manta ya ja da ƙarfi, filogin zai karye a ciki, ranar ta ɓaci. Bayan nan akwai zoben da ke ɗaure shi, mai buƙatar sifanarsa ta musamman, sannan a ɗaura masa gudumar ja a fizgo shi. In ka leƙa ciki da tocila za ka ga wani ɗan sanda a gicciye da ƙwallo a tsakiyarsa, a kansa man ke faɗowa ya tarwatse. Girgiza ɗakin kusa da kunnenka. In ka ji ƙwal-ƙwal, sandan ya yi sako-sako, wannan ɗakin ya gama aiki, kada ma a yi maganar gyara shi.

Abin da na so in faɗa shi ne, ƙarfin da nake nema kusan duk a nozil na same shi. Na turbo ya kamata su buɗe a bar 135 (bar ma'aunin matsi ne), na marasa turbo a 115. Da aka ɗora nawa a kan abin gwaji, wani na ɗiga, wani na buɗewa da wuri. Aka canza bakunansu, aka daidaita su, aka sa sababbin washa na kare zafi a ƙarƙashi, aka saita tayimin. Motar ta zama wata daban. Sai daga baya aka ɗan buɗe ramukan ɗakin a wurin masu injin aikin ƙarfe, duka biyar da ma'auni ɗaya. Bambancin da wannan ya kawo kaɗan ne, a can saman juyi, kuma ƙarar injin ta ɗan ƙara kaifi. Famfona na asali ne. Waɗanda suka sa famfo mai zuba mai da yawa da babbar turbo su ne na ji suna yabon aikin sosai, kuma na yarda da su, don su kam iskar ta fi ƙarfin ramukan.

Oga Mai Top:
Bari in kawo muku ɗaya ɓangaren. An kawo mini wata mota a jaye, mai ita ya ce yana cikin tafiya ya ji kamar an zuba tsakuwa a inji. Da muka ɗaga top, kofin silinda ta uku ya rabe biyu. Wani ya riga ya ci maƙogwaron da garanda, ya bar bakin da kaifi har yana kama farce, ga sawun dutsen a jiki layi-layi. Daga kusurwar nan tsagar ta tashi ta ratsa har inda zoben gasket ke danne kofin. Gutsuren da ya faɗa ya daddatsa kan fistin, ya lanƙwasa bawul ɗin salansa, wani ɗan ɓarɓashi ya wuce ya cinye fikafikan turbo. Sauran kofuna ukun da na auna, babu biyun da kafarsu ta zo ɗaya.

Ƙananan tsagu a kusurwar maƙogwaro ana ganinsu ko a kofin da ba a taɓa ba, in ya tsufa. Wadda ta doshi zoben gasket ita ce abin tsoro. Kuma duk bakin da aka sirantar yana yin ja da wuri, nan ne tsaga ke samun ƙofa. Wanda zai yi aikin ya zagaye bakin, ya goge shi sumul, kuma ya yi a kan sababbin kofuna masu kyau. Tsohon da ya sha wuta shekara da shekaru a bar shi ya huta.

Ɗan Koyo:
Oga, don Allah yaya ake tabbatar da sun zo ɗaya? Da ido ne ko akwai abin awo?

Oga Mai Top:
Ido ba ya wannan aikin, yaro. Ka gama kofi ɗaya, ka yanka ɗan faranti daidai siffar kafarsa, shi za ka riƙa zurawa a sauran. Girman cikin ɗakin kuma da sirinji ake auna shi: nozil da filogi a ɗaure, a kifa top ɗin, a riƙa ɗiga siririn mai ana ƙirga abin da ya shiga. A tsarin Comet ɗakin nan shi ke riƙe kusan rabin sararin da ya rage in fistin ya kai ƙololuwa, don haka ɗan abin da ka kankare a ciki zai sauke kamfireshan fiye da yadda kake zato. Bayan an danna kofin, a ɗora agogon awo a duba tsayinsa da fuskar top. Ɗan kaso ne na milimita aka yarda da shi, littafin kowane inji ya faɗi nasa. In ya nutse zai yi wasa, in ya ɗago gasket ba zai zauna ba.

Direban Dare:
Ni ba bakanike ba ne, matuƙi ne, kuma nawa bai zo da matsala ba. Wanda ya yi mini bai sa garanda ba sam. Ya ce General Motors da kansa ya yi wa injinansa na lita 6.2 da 6.5 kofuna masu kafa daban-daban, na masu turbo sun fi faɗi, don haka ya nemo na turbo ya sa a nawa. Ina jan tirela da kaya, kuma a dogon tudu allurar zafi ta daina hawa yadda take yi. Sai dai gaskiya a lokaci ɗaya aka sa mini abin sanyaya iskar turbo da salansa mai faɗi, saboda haka yabon na ukun ne.

Baban Gareji:
Alhaji ka taɓo inda ya dace. Duk inda kamfani ya yi kofi na musamman don injinsa mai turbo, shi nake sawa kafin in yi tunanin dutse. Sannan duk wanda ya canza kafar sai ya sake duba tayimin ɗin famfo, domin yadda wuta ke kamawa ya sauya, saitin da aka saba ba lallai ya dace ba. Ni kaɗan-kaɗan nake motsa shi, ina sauraren ƙwanƙwasa, ina kallon hayaƙi. Kuma ba na sakin irin wannan motar sai da agogon zafin salansa, a dasa bakinsa kafin turbo, don in an sa shi a bayanta karatun zai fito ƙasa da gaskiya. Ni dai in ya doshi digiri 700 ya zauna a can a kan tudu, ina sauke giya in rage mai. Fistin alminiyam ne, baƙin man da ake fesa masa ta ƙasa ne ke ceton sa. Malam Mai Sifana, wane inji ne a hannunka, kuma iska nawa kake son ba shi? In ba ta kai bar 1 ba, ni nozil da tayimin zan fara dubawa, kofunan su zauna yadda suke.