An ce a sake yi min aikin hanci, wa ya taɓa shiga wannan hali?

Uwar biyu:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Shekara uku ke nan da aka yi min tiyata aka cire tsiron da ya toshe min hanci, wanda likitoci ke kira folif. Na yi kamar wata takwas cikin sauƙi, har na manta da barci baki buɗe. Sai abin ya riƙa dawowa a hankali. Ƙamshi ne ya fara ɗaukewa, sai majina mai kauri da ke gangarowa maƙogwaro, sai nauyin goshi da ƙasan ido idan na sunkuya. Makon jiya tukunya ta ƙone ƙurmus ina zaune kusa, ban ji ƙauri ba sai da 'yata ta shigo tana tari. Wannan ya fi ciwon tsorata ni. Jiya likita ya duba hoton siti (CT), wato hoton cikin kai da na'ura ke ɗauka, ya ce tsiron ya cika ɓangarorin biyu, sai an sake aiki. Jikina ya yi sanyi. Wanda aka yi wa sau biyu ko fiye, don Allah ya faɗa min yadda ta kaya.

Malamin makaranta:
Wa alaikumus salam. Sannu 'yar'uwa, Allah ya ba ki lafiya. Ni sau uku aka shiga da ni. Bayan na farko, da na ji numfashi ya buɗe sai na ajiye maganin fesawa, a zatona an gama. Ashe kuskuren ke nan. Likita na uku ne ya zaunar da ni ya ce min aikin kamar yankan ciyawa ne, saiwar tana nan, domin kumburin a jikin fatar cikin hancin yake. Amfanin tiyatar shi ne ta buɗe ƙofofin kogunan hanci, wato ramukan iska da ke cikin ƙasusuwan fuska, yadda magani zai isa ciki.

Tun daga nan safe da yamma sai na wanke hanci da ruwan gishiri, ina zuba maganin rage kumburi mai suna budesonide a ciki kamar yadda ya rubuta min. Ruwan kuma tafasasshe ne da ya huce, ban taɓa ɗiba daga famfo kai tsaye ba. Wani abin da na yi shekaru ban sani ba: idan za ki fesa magani, ki karkata bakin kwalbar wajen kunne, kada ki saita tsakiyar hanci. Hannun dama ya fesa hancin hagu, na hagu ya fesa na dama. Haɓon da ke damuna a nan ya tsaya. Yanzu shekara huɗu ba a sake taɓa ni ba.

Mai fama da asma:
Yaya, kina da asma? Kuma idan kin sha asfirin ko ibuprofen ko diclofenac ƙirjinki yana riƙewa? Ina tambaya ne saboda ni sai bayan aiki na biyu aka gane. Na sha maganin ciwon kai, kafin awa ɗaya hanci na zuba, numfashi na fita da ƙyar, sai asibiti. A nan aka ce min asma da tsiron hanci da rashin jituwa da asfirin ciwo ɗaya ne mai fuska uku, wanda ake jingina wa likita Samter da ya yi bayaninsa a 1968. Masu irinsa tsironsu ya fi saurin dawowa. Da tun farko wani ya tambaye ni, da na huta da wahala mai yawa. Ki faɗa wa likitanki tun kafin ya tambaya.

Direba:
Zan faɗi nawa ko da ba daɗi. Aiki na biyu ya buɗe min numfashi, minshari ya ragu, amma ƙamshi bai dawo ba sai ɗan kaɗan. Turaren matata ma sai na kai hanci jikin kwalbar. Ban yi nadama ba, sai dai na so a ce an gaya min haka tun farko. Kuma ki guji maganin ɗigawar nan mai buɗe hanci nan take, irin su oxymetazoline. Na 'yan kwanaki ne kawai. Ni na yi watanni a kansa, ƙarshe idan ban ɗiga ba hancin rufewa yake ruf.

Kakar yara:
'Yata, tsoron da kike ji ba laifi ba ne. Kogunan nan suna maƙwabtaka da ido da gindin ƙwaƙwalwa, kuma aikin farko yakan bar tabo ya sauya fasalin wurin, shi ya sa na biyu ke son hannun da ya saba. Na tambayi likitana kai tsaye ko ya saba yin na maimaici, bai ji haushi ba. Ta cikin hanci aka bi da kyamara, ba a tsaga min fuska ba. Makon farko ne mai wuya: ba fyace hanci, ba ɗaukar kaya mai nauyi, atishawa ma baki buɗe. Kada ki tsallake ranakun da za a ce ki dawo a kwashe ɓawon da ya taru. Akwai zafi, amma ranar nake fara shaƙar iska sosai. Ni prednisolone, maganin rage kumburi da ake sha, shi ne ya fi wahalar da ni. Kwana biyar sai ƙamshi ya dawo kamar an kunna fitila, amma suga ya hau, barci ya gudu.

Mai fama da asma:
Na manta ban faɗa ba. Akwai allurar dupilumab da hukumar magunguna ta Amurka ta amince da ita don wannan ciwo a 2019, duk mako biyu ake yi. Wata shida ke nan ina kanta, ƙamshi ya dawo, asmar ma ta lafa. Tsada gare ta ƙwarai, kuma ba kowa ake ba ba, amma ki tambaya ko kin cancanta.

Uwar biyu:
Na gode, Allah ya saka muku da alheri. Malam, abin da ka yi shi na yi, wata biyu da aiki na ajiye maganin. Ƙanwata mai asma, kin sa gabana ya faɗi, domin ina da ita tun ina budurwa, kuma bara na sha ibuprofen na kwana a zaune ina haki, ban taɓa danganta su da juna ba. Ranar Talata zan koma wurin likita, da wannan maganar zan fara kafin mu sa ranar aiki.