Ƙirƙira ya yi ko harhaɗawa? Muhawarar zauren masu haɗa wasannin kwamfuta

Ɗan Sahu: Jama'a ku raba mu. Wata takwas na yi ina ƙirƙirar wasan 3D a Unreal Engine, manhajar haɗa wasanni ta kamfanin Epic Games, kana tuƙa adaidaita sahu cikin cunkoso, kana ɗaukar fasinja kana kauce wa rami. Ko layi ɗaya na kod ban rubuta ba, da Blueprint na yi komai, tsarinsu na jan akwatuna kana haɗa su maimakon rubuta kod. Jiya na je neman aiki wani wuri, mai tantancewa ya tambaye ni ko na iya harshen kod na C++, na ce a'a. Bawan Allahn nan ko buɗe wasan bai yi ba ya sallame ni. Ni dai na ce zamanin wahalar kod ya wuce, masu riƙe da shi hassada ce ke cin su.

Injiniya: Allah ya ba ka haƙuri ƙanena. Amma gyara kalma ɗaya. Ba ƙirƙira ka yi ba, harhaɗawa ka yi. Akwatunan nan da kake ja kana sada su da zare, ma'aikatan Epic Games ne suka rubuta abin da ke cikinsu da C++.

Maman Amira: To Injiniya, tela ne ya saƙa shadda? In ya ɗinka maka babbar riga ta yi kyau, shi kake yabo ko masaƙa?

Injiniya: Hajiya, tela yana yanka yadi da almakashi yadda ya ga dama. Wannan kuwa in akwatin da yake so babu, sai ya zauna ya rafka tagumi.

Baban Khalifa: Wallahi kun cika son girma. Kai da kake rubuta C++ ɗin, kai ka ƙera harshen? Kowa a kan aikin wani yake gini. Kuma Blueprint ba wasan yara ba ne. Tun 2014 ya zo da Unreal Engine 4, ya gaji Kismet da ke cikin na uku. Akwai sharaɗi a ciki, akwai maimaitawa, akwai ma'ajin ƙima. Tunani ɗaya ne, hannu ne kawai ya huta da bugawa.

Ustazu: Ni kalmar ce ma ba ta kwanta mini ba. Mu riƙa kiyaye harshe, mahalicci dai Allah ne.

Maman Amira: Malam, ƙirƙira ya ce, bai ce halitta ba. Kullum muna cewa ƙirƙirarren labari, ba ka taɓa tanka wa kowa ba.

Ustazu: Na ji. Amma mutanen da ya sa a cikin adaidaitar, da fuska ya yi su?

Ɗan Sahu: Malam don Allah a bar wannan zuwa wani zaman.

Mai Solar: Ni tambayata, da wace na'ura ya yi? Na saukar da Unreal, data ta ƙare sau biyu, da na buɗe shi fankar laftof ɗina ta riƙa kuka kamar injin markaɗe, ana ɗauke wuta ta mutu. Wanda ke da ƙaramar na'ura ya nemi GDevelop. Wani Bafaranshe, Florian Rival, ya fara shi, kyauta ne, yana aiki har a burauza, kuma a 2023 suka sa masa 3D.

Baban Khalifa: 3D ɗin GDevelop kake haɗawa da na Unreal? Haba Mai Solar, ai hanyar jirgi daban ta mota daban.

Unity Har Abada: Duk kun manta Unity, wani injin wasan, ya sayi Bolt, shi ma na jan akwati, a 2020 ya bayar kyauta, yanzu yana ciki da sunan Visual Scripting. A wayoyinmu na Android wasan Unity ya fi sauƙin tashi.

Injiniya: Unity ɗin da a Satumba 2023 ya ce zai riƙa karɓar kuɗi a kan kowane sauke wasa? Sai da duniya ta yi musu ca, shugabansu John Riccitiello ya sauka, a 2024 suka janye.

Unity Har Abada: Ai sun janye. Epic ɗinku fa, ba kashi 5 yake karɓa ba?

Baban Khalifa: Sai wasanka ya kawo dala miliyan ɗaya tukuna. Waye a zauren nan ya ga dala ɗari daga wasa? Ya ɗaga hannu.

Unity Har Abada: Kai dai tun da na ƙi ara maka hadis ɗina na kwamfuta (hard disk) bara kake bi na da baƙar magana.

Baban Khalifa: Hadis ɗin da rabinsa ƙwayar cuta ce?

Injiniya: Mu koma kan magana. Masu injin wasa na Godot sun cire VisualScript, nasu tsarin jan akwatin, gaba ɗaya a fitowa ta 4.0 a 2023, don mutane ƙalilan ne ke amfani da shi. Blender ma, na zanen 3D, ya watsar da injin wasansa mai tubalan haɗawa a 2.80, shekarar 2019. In da jan akwati ne makoma, me ya sa suke zubarwa?

Maman Amira: Kuma wasu suka ɗauki na Blender ɗin suka ci gaba da shi da sunan UPBGE. Wannan ba ka faɗa ba. Ni 'yata da Scratch ta fara, manhajar koya wa yara da tubalan haɗawa, yanzu tana Alice, na jami'ar Carnegie Mellon, tana motsa mutane a 3D. Ranar da ta sa kare ya bi yaro, cewa na yi ta ƙirƙira, kuma ba na janyewa.

Injiniya: Allah ya raya ta Hajiya. Amma shi Alice ɗin don a kai yaro ga harshen kod na Java aka yi shi. Tsani ne, ba ɗaki ba.

Shugaban Zaure: To jama'a, dare ya yi, bari in taƙaita. Mafi yawa sun yarda harhaɗawa ce ba ƙirƙira ba, kamar yadda babban yayanmu Injiniya ya kawo hujjoji masu ƙarfi. Jan akwati na masu koyo ne. Unity ba abin amincewa ba ne. Ɗan Sahu ya koma ya koyi kod, ya fara da GDScript, harshen kod na Godot. Af, ajinmu na Godot na ranar Asabar yana nan, saura kujera huɗu.

Maman Amira: Mafi yawa su wa? Mutum ɗaya ne ya faɗa, sai kai na biyu.

Ɗan Sahu: Tun la'asar na sa wasan a nan. Mutum biyu ne suka sauke, ɗaya ƙanena ne.

Mai Solar: Ɗayan ni ne. Bai buɗe ba.