Murfin zuƙe hayaƙi na kicin yana ɗigar da mai, yaya ake wanke shi?

Maman Abba: Assalamu alaikum. 'Yan uwa, murfin zuƙe hayaƙin da ke saman murhun gidan abinci ya fara ɗigar da baƙin mai, kuma hayaƙi na komowa cikin kicin. Ana soya kaji da dankali kullum, ana gashi da gawayi. Da me ake wanke shi, kuma sau nawa?

Injiniyan Fanka: Wa alaikumus salam, Hajiya. Ɗigar nan tana nufin matatan maiƙon sun cika, wataƙila har da ɗan kofin da mai ke taruwa a ciki. Kafin komai a kashe gas, a kashe fankar daga babban makunni, a bari ƙarfe ya huce, a rufe murhu da tukwanen suya da leda mai kauri.

A zare matatan, a jiƙa su minti 30 a ruwan zafi da sabulu mai narkar da maiƙo, a goge da buroshin roba, a ɗauraye. Sai sun bushe sarai za a mayar, kuma layukansu su tsaya a tsaye. In aka sa su a kwance, man ba zai gangara cikin kwatarsa ba, kan abinci zai sauko. Cikin murfin kuwa, a fara kankare daskararren maiƙon da abin kankara na roba kafin a fesa komai. Wanda ya fara da ruwa kwaɓa shi kawai zai yi.

Malam Na-Bakin-Kasuwa: Ƙari kan bayanin Injiniya: mutane na son sodar yin sabulu saboda araha, kuma tana aiki, amma a kan ƙarfen silba mara tsatsa kaɗai. Matatar alminiyam in ta shiga soda baƙi za ta yi, ƙarfen ya zaizaye, ga iskar da ke tashi mai kama wuta. A ɗaga a ji, ta alminiyam ba ta da nauyi. Giram 200 na soda a lita 10 na ruwa ya isa. Sodar ake zubawa cikin ruwan sanyi a hankali, ba ruwa a kan soda ba, da safar hannu ta roba da tabarau. Kada a sa bilic ko soson ƙarfe, su ne ke jawo wa silba tabo da tsatsa.

Injiniyan Fanka: Haka ne, Malam. Sai dai Hajiya, komowar hayaƙi ba lallai matata ce kaɗai ba. Bututun da ke fitar da hayaƙin waje da fankar ma na iya jawo shi. Gobara ma a bututun take ɓuya. A buɗe ƙofar bututun a haska tocila: maiƙo ya kai kaurin milimita 2, lokacin wanki ya yi. Ƙa'idar kiyaye gobara ta Amurka mai suna NFPA 96 ta ce mai girki da itace ko gawayi a duba murfinsa da bututunsa duk wata, mai yawan suya duk wata uku. Tunda kuna gashin gawayi, duk wata ke nan. Matatan kuma duk mako.

A hau rufi a duba fankar. Bel ɗin da ya saki yana rage zuƙa. Fukafukan a wanke su duka daidai, don in aka bar maiƙo a gefe guda za ta riƙa girgiza har boris ya lalace. In akwai na'urar kashe gobara a cikin murfin, kada a taɓa wayarta, aikin mai gyaranta ne.

Maman Abba: Na gode, Allah ya saka da alheri. Ruwan wankin fa, a kwata za a zubar?

Malam Na-Bakin-Kasuwa: A'a Hajiya, zai daskare ya toshe ta. A bari ya huce, a kwashe man da ya taso a zuba a galan, sannan a zubar da ruwan.