Sikirif ya ƙi tashi: yaren za a canza ko me?

Ɗan Aboabo: Assalamu alaikum. Yaran da ke koyon kwamfuta a nan Aboabo da Asawase, a Kumasi ta ƙasar Ghana, abu ɗaya ke kama su. Sai yaro ya rubuta ɗan sikirif, wato gajeren jerin umarni ga kwamfuta, na haɗa lissafin shagon MoMo (aika kuɗi ta waya) ko rijistar kuɗin makarantar Islamiyya, ya ƙi tashi, sai ya ce yaren kwamfutar da ya rubuta shi da shi ne ba kyau, ya bar Bash ya koma Python, gobe kuma ya koma PowerShell. Don Allah kowa ya faɗi abin da ya fi cin karo da shi, da kuma inda sauya yaren yake da dalili.

Malam Sawaba: Wa alaikumus salam. A Windows, kafin a taɓa kod ɗin, a duba abu uku. Na farko, danna fayil sau biyu ba hanyar gwaji ba ce: baƙin allon zai buɗe ya rufe kafin ka karanta kuskuren. Masu sa `input()` a ƙarshe don allon ya tsaya, wannan ba ya aiki idan sikirif ɗin ya faɗi tun a tsakiya. Ka buɗe foldar, ka rubuta `cmd` a gurbin adireshi na sama, sannan `py lissafi.py`.

Na biyu, idan ka rubuta `python` sai Microsoft Store ya buɗe, ba a sa alama a "Add python.exe to PATH" ba lokacin girkawa. Ko ka sake girkawa, ko ka riƙa amfani da `py`. Na uku, Notepad kan ajiye fayil da suna `lissafi.py.txt`, Windows kuma ya ɓoye wutsiyar. Sai ka kunna nuna wutsiyar fayiloli a Explorer ka gani da idonka.

Hajiya Asawase: Ƙari kan na Malam. Wanda ya ga "running scripts is disabled on this system" a PowerShell, ba abin da ya lalace, tsarin kariya ne da ke zuwa a kulle. `Set-ExecutionPolicy -Scope CurrentUser RemoteSigned` ya isa, sau ɗaya. Kuma a sa `.\` gaban sunan fayil.

Baban Zainab: Ni abin da na fi gani shi ne fayil da aka rubuta a Windows aka kai Linux ko waya. Windows na rufe kowane layi da alama biyu, CR da LF, Linux kuwa LF kaɗai ya sani. Sai layin farko ya zama `/bin/bash^M`, a ce maka "bad interpreter", ko kuma "python3\r: No such file or directory", alhali Python na nan daram. `dos2unix lissafi.sh` na gyara shi, ko `sed -i 's/\r$//' lissafi.sh`. A manhajar rubuta kod ta VS Code kuma, ƙasan allo ta dama akwai CRLF, ka danna ka mai da shi LF.

Masu Termux, manhajar da ke ba da allon umarnin Linux a wayar Android, waɗanda su ne mafi yawa a zango: ku ɗauko shi daga rumbun manhajoji na F-Droid, sannan `pkg install python` da `termux-setup-storage`. Fayil da ke cikin foldar Download ba ya karɓar `chmod +x`, don ma'ajiyar waya ta gama-gari ba ta yarda a tada fayil kai tsaye. Ko dai `python lissafi.py`, ko ka kwafe shi zuwa `~`, wato foldar gida ta Termux, tukuna.

Ɗan Aboabo: Madalla. To, Baba, sauya yaren fa?

Baban Zainab: Idan aikin kwafe fayiloli ne da sauya musu suna, Bash ya wadatar. Da kuɗi sun shigo, a koma Python. Bash ba ya lissafin ɗigo: `$((5/2))` zai ba ka 2, Python 3 ya ba ka 2.5. Mafi muni, lambar da ta fara da sifili Bash na karanta ta da tushe 8, don haka `$((024))` ya zama 20, `089` kuwa kuskure ne kai tsaye.

Malam Sawaba: Amma kada a ce wa yara Python ta gama komai. `0.1 + 0.2` a can 0.30000000000000004 ne. A ƙirga da pesewa, wato sidi ɗaya ya zama 100, sai a raba a ƙarshe, ko a yi amfani da `Decimal`. Lambar waya kuma rubutu ce, ba adadi ba. `int("0241234567")` zai cinye sifilin farko, lamba goma ta koma tara, kuma Excel ma haka yake yi wa fayil ɗin jadawali na CSV.

Hannu ma yakan ruɗe. A Bash `x = 5` da tazara kuskure ne, a Python daidai ne. Abin da `input()` ya karɓa rubutu ne, shi ya sa "5" da "5" ke haɗuwa su ba da 55. Duk darasin da ka ga `print "sannu"` ba tare da baka `( )` ba, na Python 2 ne, wanda aka daina kula da shi tun 2020, ka wuce shi.

Hajiya Asawase: Saura namu na gida. Sunaye masu ƙ, ɗ, ɓ, da na maƙwabtanmu Asante masu ɛ da ɔ, har alamar sidi ₵, suna jawo `UnicodeEncodeError` a Windows, saboda `open()` na ɗaukar cp1252 idan ba ka faɗa masa komai ba. Ka rubuta `encoding="utf-8"`, in kuma Excel ne zai buɗe fayil ɗin, `utf-8-sig`.

Ƙanena, ka gaya musu kuma kada su raɗa wa fayil ɗinsu suna `csv.py` ko `random.py`. Python zai ɗauko nasu maimakon na asali, kuskuren da zai fito kuma, a Python da suka gabaci 3.13, ba ya nuna inda matsalar take. In aka girka ƙarin kayan Python da `pip install` amma aka ga `ModuleNotFoundError`, sau da yawa Python biyu ke kan na'urar. A yi `py -m pip install`, sannan a tada sikirif ɗin da wannan `py` ɗin dai.