Aiki a gida, yara a kaina: ku ba ni shawara

Maman Uku, Aboabo: Assalamu alaikum 'yan uwa. Da can atamfa nake sayarwa a kasuwar Kejetia da ke nan Kumasi, Ghana, tare da yayata, muka samu saɓani kan kuɗin shago, maganar har ta kai gaban kawunmu, na bar mata komai. Na koyi kwamfuta, Allah ya ba ni aiki da wani kamfani na Amurka, ina amsa wa kwastomominsu waya daga ɗakina. Ƙarfe 9 na safensu ƙarfe 1 ce ta rana a nan, sai 9 na dare nake tashi, in suka juya agogonsu a Nuwamba kuma ya koma 2 zuwa 10. Wato daidai dawowar yara daga makaranta nake sa abin ji a kunne. Babbar tana JHS 3, ajin ƙarshe na ƙaramar sakandare, jarrabawar fita ta BECE na gabanta, lissafinta ya lalace. Na tsakiya waya kawai. Autan kuwa yana buga ƙofa yana kuka ina magana da Bature. Ciki da falo muke a gidan haya. Jiya na daka masa tsawa har ya ƙi cin tuwo. Ya zan yi?

Hajiya Babba: Wa alaikumus salam. 'Yata, ba ki da matsala, tsari ne babu. Na tarbiyyantar da shida ina sayar da koko da ƙosai tun asuba. Su dawo, su ci abinci, su wuce Islamiyya har magariba. Ki ɗauko yarinya daga ƙauye ta riƙe ƙaramin. Shi ke nan.

Malamin JHS, Asawase: Hajiya, a yi haƙuri, yarinyar da za a ɗauko ita ma 'yar wani ce, kuma dokar yara ta 1998 ta hana sa wanda bai kai 15 ba aikin ƙwadago. Maman Uku, safiyarki fa? Bayan sallar asuba ki zauna da babbar minti talatin kan tsofaffin tambayoyin BECE. Lissafi na cikin darussa huɗu da dole a lissafa a sakamako, in ya faɗi zai ja ta ƙasa lokacin da kwamfuta ke raba makarantun sakandare.

Maman Uku: Malam, ni da ke kwanciya sha ɗaya? Ga girkin safe, ga layin ruwa. Kuma rabona da lissafi tun ina 'yar makaranta.

Uwar 'Yan Biyu: Ai ku malamai ku ne matsalar. Kullum kuɗin darasin yamma, kuɗin jarrabawar gwaji, kuɗin bugun takarda. Na biya na biya, nawa ya fito da sakamakon da ko faɗa ba na iya yi. Tun da aka rufe makarantu a Maris 2020 yaran nan ba su dawo daidai ba, wanda ya shiga waya a lokacin har yau bai fito ba.

Hajiya Babba: Shi ya sa na ce Islamiyya. Waya kuma a ƙwace. Yaro ɗan shekara nawa da waya? Wa ya saya masa?

Maman Uku: Tsohuwar wayata ce Hajiya. In na karɓe, su biyun za su cika falo da kokawa, kuma ana naɗar duk kiran da na yi. Islamiyyar ma suna zuwa Asabar da Lahadi.

Baban Yara, Tafo: Wai ina maigidan a duk wannan labarin? Ni ma a gida nake aiki, in an ɗauke wuta kuwa har abin cajin da na saya don aiki yara sun zuƙe shi da kallo. Abin da ya ɗan taimake mu, mun liƙa jan ƙyalle a ƙofa: in yana nan ba a shiga, in lokacin hutuna ya yi na fito na ba su minti goman gaba ɗaya, ba waya a hannu. Asabar ki kai babbar yarinyar laburaren da ke wajen Cultural Centre ta samu shiru.

Maman Uku: Maganar maigida a bar ta. Ƙyallen kuma, yaro ɗan shekara uku ya san ja?

Hajiya Babba: Ja ko kore, yaro uwa yake nema. Dala ba ta tarbiyya. Ki koma kasuwa ki shirya da yayarki, aƙalla da la'asar kina gida.

Maman Uku: Dalar ce ke biyan hayar shekara biyu da mai gida ya nema a dunƙule, Hajiya. Ba zan koma shagon nan ba.

Anti Mai Ɗinki: Gidan haya kike, ba tsohuwa ko ɗaya a tsakar gidan? Ki riƙa ba ta ɗan abu ta MoMo, wato tura kuɗi ta waya, duk wata, autan ya zauna wurinta daga la'asar zuwa isha.

Maman Uku: Akwai, amma ita ce mai kai labarina wurin dangin mijina.

Uwar 'Yan Biyu: Don Allah kamfanin naku suna ɗaukar mutane? Ki turo min ta akwati.